Iska a Cikin Birkin Irimiya

Akwai wani mutum mai suna Irimiya, yana zaune a wani ƙauye a bisa dutse. Yana da wata tsohuwar mota a-kori-kura wadda ya gada daga mahaifinsa. Mutanen ƙauyen manoma ne, suna noman dankalin turawa da kabeji da tumatir, kasuwarsu kuwa tana can ƙasa a gindin dutsen. Hanya ɗaya ce take sauka zuwa can, mai gangara da kwana-kwana. Ta hannun dama dutse ne a tsaye kamar bango, ta hannun hagu kwazazzabo ne mai zurfi, a ƙarshenta kuma akwai wata siririyar gada a kan rafi.

Kowace ranar kasuwa Irimiya ne yake kwasar mutane da kayansu ya sauka da su, da yamma ya hau da su gida. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa kaɗe ko kaza ba. Mutanen gari sun san haka, shi ma ya san sun sani. A ikkilisiya kuwa dattijo ne, idan ya yi magana akan saurara.

Yana da mata, sunanta Damaris, mai sayar da tumatir. Yana kuma da ƙane, Filibus, manomi, wanda gidansa yake jikin nasa, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mahaifinsu ya koya musu gyaran motar nan tare tun suna samari, saboda haka ba su cika zuwa wurin makaniki ba. Idan wani abu ya lalace, Filibus yakan shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta, Irimiya yana miƙa masa sifana.

Wata rana a tasha, ana zaune ana jiran kaya su cika, sai aka shiga yabon Irimiya, ana cewa babu direba kamarsa a ƙasar nan duka. Irimiya yana murmushi, bai hana su ba. Sai Filibus ya ce cikin wasa, “Ai Yaya sitiyari kawai yake riƙewa. Mu da muke kwanciya a ƙarƙashinta, mu muka san abin da yake tsayar da ita.”

Mutane suka kwashe da dariya. Irimiya ma ya yi ’yar dariya a baki, amma maganar ta shige masa ciki ta zauna. Da suka isa gida sai ya tsaya a ƙofa, ya ce wa ƙanensa, “Tun da kai ne mai tsayar da ita, to, daga yau ka bar ta. Mu ga ko za ta tsaya.”

Filibus ya ce, “Haba Yaya, wasa fa nake yi.”

“Na ji wasanka. Hannunka kada ya ƙara taɓa motar nan.”

Tun daga ranar suka koma gaisuwar baki. Da safe a ce ina kwana, a amsa lafiya, kowa ya kama gabansa. Ranar Lahadi suna shiga sujada ta ƙofa ɗaya, suna cin jibin Ubangiji daga faranti ɗaya, babu wanda ya san akwai wani abu a tsakaninsu sai Damaris.

Ana nan, da damina ta yi nisa, sai tiyon birki na ƙafar baya ya tsufa ya fara ɗiga. Irimiya ya ga alamar mai a ƙasa inda yake ajiye motar. Ya sayo sabon tiyo, ya kwanta a ƙarƙashi ya canza shi da kansa, ya cika kofin man birki har baki. Ya tashi yana karkaɗe jiki, yana jin daɗi a ransa, gama ya yi aikin ba tare da kowa ba.

Amma da ya shiga ya taka birki, sai ya ji shi da laushi, kamar ya taka soso. A da, da ya ɗora ƙafa sai ya ji birkin ya tare shi da ƙarfi. Yanzu kuwa ƙafar tana lumewa kusan rabi kafin ya kama.

Irimiya ya san abin da ya faru, ba sai an gaya masa ba. Lokacin da ya kwance tsohon tiyon, iska ta shiga bututun da man yake bi. Birkin mota da mai yake aiki: direba ya taka, man ya tura, tayoyi su kama. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa duk ƙarfin ƙafar direba yake isa ga tayoyi. Iska kuwa tana matsuwa. Idan ta shiga tsakanin man, direba ya taka, sai ita ta shanye ƙarfin, tayoyi su sami kaɗan ko su rasa.

Ya kuma san maganin abin. A bayan kowace taya akwai wani ɗan noti. Mutum ɗaya yakan zauna a ciki ya bubbuga birki, ya danne ya riƙe. Wani kuma yana kwance a ƙasa, ya sassauta notin, iskar ta fito tare da ɗan mai, ya yi maza ya ɗaure kafin na cikin ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi ta yi, taya bayan taya, har iskar ta ƙare. Ba aiki ne mai wuya ba. Amma aikin mutum biyu ne.

Irimiya ya dubi katangar da take tsakaninsa da ƙanensa. Yana jin muryar Filibus ta can, yana kiran awakinsa. Sai ya ce a ransa, “Zan yi ni kaɗai.”

Ya kwanta ya sassauta notin, ya tashi ya shiga mota ya taka. Mai ya fito. Amma da ya ɗaga ƙafa domin ya sauka ya ɗaure, sai bututun ya zuƙe wata iskar ta wurin notin da yake a buɗe. Ya sake gwadawa, ya sa itace ya tokare birkin da kujera, itacen ya zame. Ya yi ta fama har gumi ya jiƙa rigarsa. Da ya gama, birkin ya fi na da laushi.

Sai ya gano wata dabara. Idan ya bubbuga birkin da sauri kafin ya danne, yakan ɗan yi tauri ya kama. Ya ce, “To, ai shi ke nan. Ni da na san hanyar nan kamar tafin hannuna, da giya ma kaɗai zan iya sauka.”

Haka ya ci gaba da zuwa kasuwa. Yakan sa ƙaramar giya tun daga sama, ya sauka a hankali, ya fara bubbuga birki tun kwana tana nesa. Mutanen da suke baya ba su san kome ba, har suna cewa Baba Irimiya ya ƙara natsuwa a tuƙi. Kowace safiya yakan buɗe gaban motar ya duba kofin mai, ya gan shi a cike, wani lokaci ma ya ƙara ɗan kaɗan, ko da yake ya san ba rashin mai ne damuwar ba.

Damaris ita take zama a gaba kusa da shi. Ba ta san mota ba, amma ta san mijinta. Wata rana suna dawowa sai ta ce, “Maigida, me ya sami ƙafarka? Na ga tana ta rawa a kan birki.”

Ya ce, “Babu kome.”

“Da ba haka kake takawa ba.”

“Na ce miki babu kome. Ke kika koya mini tuƙi?”

Suka isa gida. Da ta kawo masa abinci sai ta zauna a gefe, ta ce a hankali, “In wani abu ne da ke son hannu biyu, ka kira Filibus. Ɗan’uwanka ne. In kuwa ba ka so, ka nuna mini abin da zan yi, ni ma ina da ƙafa.”

Da Irimiya ya yarda, da an gama a yammacin nan. Amma idan ya yarda, ya amsa ke nan cewa akwai wani abu, shi kuwa ya riga ya ce babu. Ya kuma san in Filibus ya jiyo su ta bayan katanga, ana cewa taka, riƙe, saki, zai gane. Sai ya ture kwanon abincin, ya ce, “Motata lafiyarta ƙalau. Kada ki ƙara yi mini wannan magana.”

Aka shiga lokacin haƙar dankali, kaya suka yi yawa. Ran wata kasuwa aka loda buhuna har suka wuce kan motar, mata suka hau suka zauna a bisa. An kwana ana ruwa, hanya duk ta jiƙe. Irimiya yana ɗaure igiya ta ƙarshe, sai ga Filibus ya fito daga gidansa, da buhu a kafaɗa, da sifana da kwalba a hannu. Ya matso kusa da wansa, ya rage murya domin kada kowa ya ji.

Ya ce, “Yaya, jiya na ga ka wuce ƙofar gida kafin ka tsaya. Ba ka taɓa yin haka ba. Iska ce, ko?”

Irimiya bai dube shi ba, ya ci gaba da jan igiya.

Filibus ya ce, “Ka yafe mini maganar tasha. Bakina ne ya yi kuskure. Ka shiga ka taka, ni in kwanta. Kafin matan nan su gama gyara zama mun gama. Kayan nan sun yi nauyi, ga hanya da santsi.”

Irimiya ya ɗaga kai, ya ga matan da suke bisa kaya sun zuba musu ido. Ya ga Damaris a gaba, ta juyo tana dubansa ta taga, idonta yana roƙonsa. Zuciyarsa ta ce masa ya karɓa. Amma ya tuna dariyar tasha, ya ga kamar in ya bar ƙanensa ya kwanta a ƙarƙashin motar nan a gaban jama’a, to, maganar ta tabbata ke nan.

Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, “Wa ya gaya maka motata tana da ciwo? Je ka gonarka, Filibus. Mun makara.”

Ya shiga ya tayar da mota. Filibus ya tsaya a bakin hanya da sifana a hannu har suka ɓace masa.

Suka fara sauka. Irimiya ya sa ƙaramar giya, motar tana gurnani saboda nauyi. Kwanar farko ya bubbuga, birki ya kama. Ta biyu ma ya kama, amma sai da ƙafarsa ta kusa kai ƙasa. Damaris ta riƙe ƙofa, leɓunanta suna motsi, tana addu’a. Haka suka yi ta sauka har suka sha kwanar ƙarshe, inda ake hango gada.

Sai ga wata babbar mota ta lalace a bakin gadar, ta tare hanya. Mutane sun sauko sun kewaye ta, wasu suna turawa, mata da goyo suna tsaye a gefe.

Irimiya ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa, babu abin da ya tare ta. Ya bubbuga, ya sake bubbugawa, babu. Ya ja birkin hannu, tayoyin baya suka yi ƙara suka zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya, nauyin dankalin yana tura su gaba. Ya danna oda. Mutanen gada suka juyo, amma babu inda za su gudu.

A gabansa mutane, a hagunsa kwazazzabo, a damansa dutse. A daman nan kuwa Damaris take zaune. Ya dube ta, ita ma ta dube shi. Sai ya murɗa sitiyari zuwa dama.

Motar ta goga jikin dutsen da ƙara mai tsanani, ta tafi tana gurzawa, ta tsaya kaɗan kafin gadar. Buhuna suka zube, dankali ya bi gangara yana mirginawa. Matan da suke bisa suka faɗo, wasu suka kuje, ɗaya ta karye a hannu. Babu wanda ya mutu. Irimiya ya fito, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Amma ƙofar Damaris ta lotse ciki ta danne ta, sai da maza suka sa ƙarfe suka ɓanɓare kafin a fito da ita. Tana numfashi, tana magana, amma ta ce ba ta jin ƙafafunta.

Aka kai ta asibiti a birni. Ta daɗe a kwance. A ƙarshe likita ya kira Irimiya gefe ya gaya masa cewa ƙashin bayanta ya taɓu, ba za ta ƙara tafiya ba.

Mutane suka yi ta zuwa jaje. Suna cewa, “Sannu, Baba. Birki ne ya shanye, abin da kan sami kowa.” Waɗansu suna cewa, “Ai da ba kai ba ne a kan sitiyari, da gawawwaki aka kwasa a gadar nan. Allah ya yi amfani da hannunka.” Har a sujada aka yi godiya saboda gwanintarsa. Irimiya yana sunkuyar da kai yana amsawa, bai ce musu a’a ba. Kowane yabo kuwa yana sauka a kansa kamar garwashi. Ya daina cin abinci sosai, ya rame, idan aka ce ya yi addu’a a taro sai ya ce muryarsa ba ta fita.

Filibus yana zuwa asibiti da abincin da matarsa ta dafa, shi ya kuma haƙe musu sauran dankalinsu. Bai taɓa cewa, ai na gaya maka ba. Wannan shirun ya fi yi wa Irimiya nauyi fiye da zagi.

Da aka sallamo Damaris, aka ce a riƙa komawa da ita asibiti ana duba ta. Babu wata mota a ƙauyen sai wannan. An jawo ta gida, maƙeri ya buga ƙofar ya miƙar da ita, injin kuwa bai sami kome ba. Birkin ne kawai yake yadda yake.

Wata safiya Damaris tana kwance a tabarma a inuwar ƙofar ɗaki. Irimiya yana tsaye kusa da motar, ya daɗe yana kallonta. Sai Damaris ta ce, “Maigida, ba zan shiga motar nan ba sai ka kira shi.”

Irimiya ya tafi wajen katanga. Ya buɗe baki ya ce, “Filibus.”

“Na’am, Yaya.”

“Ka zo da sifana.”

Filibus ya zo. Ya gai da matar wansa, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta wajen ƙafar baya, wadda ta fi nisa da kofin mai, gama daga nan ake farawa. Ya sa siririn tiyo a bakin notin, ya tsoma ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Irimiya ya shiga ya zauna.

Filibus ya ce, “Buga.”

Ya bubbuga.

“Riƙe.”

Ya danne ya riƙe. Filibus ya sassauta notin, birkin ya lume a ƙarƙashin ƙafar Irimiya har ƙasa. Filibus ya ɗaure, ya ce, “Saki.”

Suka sake, suka sake. Suka koma ɗaya ƙafar bayan, sa’an nan na gaba. Can sai Filibus ya ce a ƙara mai a kofi kada ya ƙafe, Irimiya ya sauka ya ƙara, ya koma. Da suka gama ta ƙarshe, Irimiya ya ɗora ƙafa, sai birkin ya tare shi da ƙarfi tun daga sama, daram, kamar yadda yake a zamanin mahaifinsu.

Ruwan da matar Filibus ta ɗora a wuta sa’ad da suka fara, ko tafasa bai yi ba.

Irimiya ya sauko, ya ce, “Nuna mini.” Filibus ya miƙa masa kwalbar. Ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ɗan mai ne baƙi-baƙi, da waɗansu ’yan kumfa ƙanana a kansa, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Wannan ce duka?”

Filibus ya ce, “Ita ce duka, Yaya.”

Sai Irimiya ya ajiye kwalbar. Ya zauna a ƙasa cikin taɓo, ya jingina da taya, ya yi kuka mai zafi kamar ƙaramin yaro. Da ya iya magana, sai ya ja jiki zuwa tabarmar matarsa, ya ce, “Damaris, ba birki ne ya shanye ba. Na sani tun farko. Na san ciwon, na san maganin, na ƙi. Ni na yi miki wannan.”

Damaris ta juyo ta dube shi. Sa’an nan ta ce, “Na sani, Maigida. Ina jira ne in ji daga bakinka.” Hawaye suka gangaro mata zuwa kunne, ba ta share ba. Ta ce, “Na yafe maka saboda Ubangiji. Amma akwai ranakun da zan dube ka raina ya ɓaci. Ka yi haƙuri da ni a ranakun nan.”

Ranar Lahadi Irimiya ya miƙe a gaban ikkilisiya ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya roƙi gafarar matan da suka ji ciwo, ya kuma ajiye aikin dattijo. Waɗansu suka yafe masa nan take, waɗansu sai daga baya, mijin matar da ta karye kuwa bai ƙara shiga motarsa ba. Shi da Filibus suka shirya. Motar ta yi shekaru tana sauka tana hawa, birkinta bai ƙara yin laushi ba. Damaris kuwa ba ta ƙara taka ƙasa da ƙafarta ba har ranar da Ubangiji ya kira ta.

To, ’yan’uwa, ga ma’anar wannan misali.

Motar nan rayuwarka ce. Gangaren kuwa duniyar nan ce, gama ba a fili muke tafiya ba, kullum akwai abin da yake jan mu zuwa ƙasa. Birki shi ne ikon da Allah ya sa a zuciyar mai bi, ikon tsayawa sa’ad da ya kamata a tsaya, a kan fushi, a kan sha’awa, a kan maganar da ta zo bakin harshe.

Iskar nan ita ce ƙaramin zunubin da aka ɓoye. Ga Irimiya girmankai ne da riƙo. Ga wani ƙarya ce ƙarama, ga wata hassada ce, ga wani kuma wata hanya ce da yake bi wadda matarsa ba ta sani ba. Ku lura, iskar ba ta fasa kome ba, ba ta yi ƙara ba, wanda ya dubi motar daga waje ba zai ga aibi ba. Ta zauna ne kawai a ciki, tana shanye ƙarfi. Haka zunubin ɓoye yake. Ba ya hana ka zuwa sujada. Yana sa ne ranar da ka ce wa kanka tsaya, ka ji babu abin da ya kama.

Irimiya ya yi ta ƙara mai a kofin da yake cike. Mu ma mukan yi haka. Mutum ya san akwai abin da ya tsaya tsakaninsa da ɗan’uwansa, sai ya ƙara ba da baiko a sujada, ya ƙara azumi, ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Duk waɗannan suna da kyau, kamar yadda mai yake da kyau. Amma ƙarin mai ba ya fitar da iska. Sai an buɗe noti. Buɗe notin nan shi ne buɗe baki, a kira abin da sunansa a gaban Allah, a kuma faɗa wa wanda ya kamata ya ji.

Ya kuma koyi dabarar bubbugawa, ta yi masa aiki kwana da kwanaki. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro. Mutum yakan saba da ciwonsa, ya koyi yadda zai lallaɓa shi, har ya ɗauka ya fi ƙarfinsa. Kowace ranar da ya sauka lafiya sai ta zama masa shaida cewa gobe ma zai sauka. Amma haƙurin Allah ba izini ba ne. Lokaci ne ake ba ka domin ka tuba.

Ku tuna kuma, aikin nan na mutum biyu ne. Wani zai ce, “Ni tsakanina da Allahna ne.” Gaskiya ne, Allah ne kaɗai mai gafarta zunubi, jinin Yesu Almasihu ne kaɗai mai tsarkakewa. Amma Allahn nan shi ne ya sa mu cikin ikkilisiya, ya ba mu ’yan’uwa, domin akwai wurin da idonka ba ya gani a rayuwarka, hannunka kuma ba ya kaiwa. Wanda ya ce shi kaɗai zai gyara kansa, yakan fitar da iska kaɗan ya zuƙi wadda ta fi ta. Sau da yawa kuma wanda Allah ya aiko da sifana shi ne mutumin da ba ka so ya ga ƙarƙashinka.

Allah bai bar Irimiya ba gargaɗi ba. Ya yi masa magana ta ƙafarsa, ya yi masa ta bakin matarsa, ya aiko ƙanensa har ƙofar gida. Bayan abin ya faru ma bai yashe shi ba, ya karɓi tubansa. Kada kowa ya fita daga nan yana cewa ya makara ga gafara, gama muddin kana numfashi ƙofar a buɗe take. Amma ba zan ɓoye muku ba, an gafarta wa Irimiya, Damaris kuwa ba ta tashi ba. Gafara tana wanke laifi, ba kullum take mayar da abin da laifin ya karya ba. Wanda ya yi taurin kan ya fito babu ƙwarzane, wadda ta roƙe shi ita ta kwanta.

Saboda haka ina tambayarka, kai da kake ji na, ke da kike ji na. A ina ne ka taka a makon nan ka ji laushi? Ka san wurin, ba sai na faɗa ba. Ka kuma san wanda ya kamata ka kira. Wataƙila yana zaune a cikin ɗakin nan. Kada ka ce sai an gama girbi, kada ka ce ka san hanya. Ka kira shi yau, tun motar tana tsaye a ƙofar gida. Gama ranar kasuwa tana zuwa, kuma ba kai kaɗai ne a cikin motar ba.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.